Faransanci a Firamare: Sharhi kan Wani Sashe na Manufar Ilmi ta Ƙasa

A shekarar 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu a Nijeriya. Bugun 2004 na Manufar Ilmi ta Ƙasa ya jaddada wannan matsayi, ya kuma wajabta koyar da harshen a firamare da ƙaramar sakandare. Hujjar da kundin ya bayar ita ce sauƙaƙa cuɗanya da maƙwabta, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Binin.

Hujjar ba ta rasa tushe ba, amma tana da rauni. Bakatsinen da ke fatauci zuwa Maraɗi da Hausa yake ciniki, ba da Faransanci ba. Hasali ma, a shekarar 2025 Jamhuriyar Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki.

Babban aibin sashen, a ganina, shi ne ya faɗi "wajibi" bai faɗi "ta yaya" ba. Wa zai koyar? Ƙauyen Koyon Faransanci da aka kafa a Badagry a 1991 ɗaliban jami'o'i da kwalejojin ilmi yake karɓa, kuma waɗanda ake yayewa ba su isa su wadatar da dubban makarantun ƙauye ba. Sannan a dubi kayan da aka ɗora wa yaron. Ɗan Hausa yana shiga aji ɗaya da harshen uwa, da yamma yana fama da Larabci a Islamiyya, ga Turanci da bai zauna masa a baki ba. A ƙara masa na huɗu, ai kaya sun fi ƙarfin jaki.

Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ya kamata su waiwayi Ingila. A 1964 an fara gwajin koyar da Faransanci ga yara 'yan shekara takwas. Rahoton Clare Burstall na 1974 ya nuna cewa, da aka kai shekara goma sha shida, ba su zarce waɗanda suka fara a sha ɗaya da wani abin kirki ba, in ban da wajen saurare. Ɗaya daga cikin dalilan da masana suka kawo shi ne sakandare ba ta ɗora daga inda firamare ta tsaya ba, sai ta haɗa su aji guda da sababbin shiga. Kundinmu bai ce uffan kan wannan gaɓa ba.