Amon jita daga ɗaki zuwa dandali: nazari kan na'urar kwaikwayon ampili

A Baudeta da garuruwan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi a Nijar, dandalin kiɗa fili ne: ƙofar gidan ango, ko wani sarari da aka shimfiɗa tabarmi aka tayar da janareto. Duk saurayin da ya rungumi jitar lantarki, a irin wannan wuri za a auna gwanintarsa, alhali kuwa a ɗaki yake gyara amonsa, shi kaɗai, da abin sauraro maƙale a kunne. Tazarar da ke tsakanin ɗakin da filin ita ce damuwar wannan nazari, kuma hujjata guda ce: amon da aka gyara a gida shiri ne kawai, ba ya kammala sai an daidaita shi da ƙarfin da za a kaɗa shi, a tsakiyar sauran kayan kiɗa, ƙarƙashin muryar mawaƙi.

Na'urar da ake magana a kanta ƴar ƙaramar kwamfuta ce da ke kwaikwayon muryar manyan ampili da lasifikoki. Kamfanin Line 6 na Amurka ya yaɗa ta a 1998 da samfurinsa POD, daga baya Kemper na Jamus da Helix suka biyo, yau kuma har cikin wayar hannu ana samun manhajar da ke wannan aiki. Amfaninta a fili yake. Makaɗin da ba shi da kuɗin ampili mai nauyi zai iya ɗaure jita da na'urarsa a bayan babur, ya je ƙauyen da aka gayyace shi, ya jona da lasifikar mai haya. Sai dai sauƙin nan ya zo da ruɗi: tunanin cewa abin da aka ajiye cikin na'ura zai fito iri ɗaya a ko'ina.

Kunnen ɗan Adam ne ya fara rushe wannan tunani. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya kama amo mai kauri sosai da mai siriri sosai kamar yadda yake kama na tsakiya. Don haka mai gyara cikin dare, yana tsoron tayar da maƙwabta, sai ya yi ta ƙara kauri da kaifi har ya ji daɗi. Ranar biki da aka buɗe lasifika, kaurin ya zama gurnani, kaifin ya dinga sukan kunne, tsakiyar da ya rage kuwa, wadda ita ce ainihin muryar jita, ta ɓace. Ga kuma fili: babu bangon da zai dawo da sauti, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin amo na raguwa da kimanin desibel 6. Amsa-kuwwar da aka zuba da yawa a ɗaki takan mayar da jita kamar daga cikin rijiya ake kaɗa ta, yawan ƙuna amo kuma yakan ɗaga ƙugin janareto da kukan lasifika.

Abu na biyu da ke rushe wannan tunani daga kiɗanmu na gida yake. Kiɗan Hausa bawan magana ne. Wanda ya lura da mai gurmi ko mai garaya zai ga yadda tsirkiya ke yin ƙara gajera, tsaf, ta mutu nan take, ta bar wa baiti wuri. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya cika manyan zauruka, domin amon ya san gurbinsa. Kalangu da ganga sun riƙe ƙasa, mawaƙi da ƴan amshi sun riƙe tsakiya da sama, jita kuwa sai ta nemi ɗan sararin da ya rage. Amon da ya cika kunne idan ana sauraronsa shi kaɗai, shi ne yakan danne kirarin da aka biya kuɗi domin a ji. Makaɗan jita na Nijar da duniya ta sani, irin su Bombino na Agadas da Mdou Moctar, a wuraren biki na sarari suka goge hannunsu. Mdou Moctar ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, cike da salon sarrafa murya na waƙoƙin Hausa na zamani, kuma waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya. Wannan ya nuna cewa kiɗanmu bai taɓa gudun na'ura ba. Hukuncin ƙarshe dai na taron jama'a ne.

Wani zai ce ai ba kowa ke da halin buɗe sauti a gida ba, ga maƙwabta, ga ƙarancin wuta. Gaskiya ne, amma maganin ba shi da tsada. A gida a yi aikin da gida ya iya: a zaɓi amo biyu ko uku kawai, na rakiya da na fice, a daidaita ƙarfinsu kada ɗaya ya firgita mutane, a rage kauri da amsa-kuwwa fiye da yadda rai ke so, a gwada su a kan waƙar da aka naɗa da ganga da murya. Sannan a iso wurin biki da wuri, kafin la'asar ta yi sanyi, a jona da lasifikar da za a yi aiki da ita, wani ya kaɗa, mai jitar ya taka zuwa inda mata za su zauna ya saurara. Minti goma na wannan ya fi dare goma na latse-latse.

Wani kuma zai ce a watsar da na'urar, a koma tsohon ampili da ba ya yaudara. Shi ma ampilin wannan dokar kunne tana hawa kansa, ga nauyi, ga ƙura da zafi da wutar janareto mai hawa da sauka. Fifikonsa ɗaya ne: maɓallansa a buɗe suke, hannu na kai musu cikin ƙiftawar ido. Darasin da za a ɗauka ke nan, wato makaɗi ya san inda maɓallan kauri da tsakiya da kaifi suke cikin na'urarsa, yadda zai juya su a tsakiyar waƙa ba tare da laluben allo ba.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Makaɗin kalangu yana matsa tsarkiyarsa gwargwadon sanyin safiya ko zafin rana, bai taɓa cewa ya gama ɗaurin kalangu tun jiya ba. Mai jita a Baudeta magajin wannan tarbiyya ne ko da kayansa daga ƙetare suka zo, kuma amonsa ya yi kyau ne ranar da tsohuwar da ke can bayan taro ta ji sunan jikarta sarai daga bakin mawaƙi, jita na biye da shi.