Da Me Fim Ya Shawo Kanka? Nazari Don Ɗaliban Insha'i

Ka ba ɗalibin sakandare a ƙasar Daura aikin sharhin fim, kusan ka san abin da zai kawo maka: labarin tun daga farko har ƙarshe, sai layi biyu a kan "darasin da ke ciki". Warwarar jigo ke nan, kuma tana da ranarta. Amma tambayar da ta fi tsoka an bar ta a baya: ta yaya fim ɗin ya sa ka yarda da shi?

Tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman zaure masu karantar da Uƙudul Jumani na Suyuɗi sun daɗe suna koyar da cewa balaga ita ce magana ta dace da halin da ake ciki. Aristotal na Girka ya kasa hanyoyin shawo kan mai sauraro gida uku: mutuncin mai magana, sosa zuciya, da hujja. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo kuma ya shimfiɗa mana gadon feɗe waƙa. Saura mu kwantar da fim a kan gadon.

Kongolam wuri ne da ya dace da wannan aiki, domin masu kallon fim a can iri biyu ne. Garin yana bakin iyaka a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, Ɗan Barto na tsallake a Nijar. A shagon tura finafinai, direban da ya fito daga Daura da ɗan kasuwar da zai koma Matamaye ta jihar Damagaram sukan miƙa wayoyinsu a tura musu shiri ɗaya. Ɗauki Kwana Casa'in, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2019. Siyasarsa a jihar Alfawa ake yin ta, jihar da babu ita a taswira, gwamnanta Bawa Maikada. Ƙagen sunan nan dabara ce babba. Ba a kama sunan kowa ba, don haka babu mai cewa an ci zarafinsa, amma kowane ɗan Najeriya da kansa yake liƙa fuskar gwamnan da ya sani. Mai kallo ne ke ƙarasa hujjar, shi ya sa take kama shi. Mutumin Damagaram kuwa, da gwamnan jiharsa naɗa shi ake yi ba zaɓe ba, da wata fuskar zai cike gurbin. Ɗalibin da ya zauna da su biyun ya ji ta bakinsu ya samu makala guda.

Izzar So, da ya fito a YouTube a 2020, wata hanya ya bi. Umar Hashim, wanda Lawan Ahmad ya fito a matsayinsa, yana cin gardama ne da natsuwa da jawo aya ko hadisi. Kafin ka auna maganarsa ka riga ka sallama wa mutumin. Ban ce laifi ba ne, amma ina so ɗalibi ya iya raba inda hujja ta yi aiki da inda kwarjini ya yi mata aikin.

Malamin insha'i ba ya buƙatar fim sukutum. Fitowa ɗaya ta minti uku ta isa. A kashe sauti a kalla: wa aka matso wa da kyamara, wa aka bari tsaye, wa ke sanye da babbar riga? Sannan a kife wayar a saurari sautin kaɗai, a lura da daidai inda kiɗan tausayi ya shigo da maganar da ya biyo. Daga nan kowa ya rubuta shafi guda, da sharaɗin ba zai ba da labarin fim ɗin ba.