Jere: Nazari kan Fasahar Ɗakin Amarya a Ƙasar Mayahi da Tasawa

A ƙauyukan Mayahi da Tasawa, daga Sarkin Hausa zuwa Kanan Bakashe, daga Maijirgi zuwa Korgom, ba a kai amarya ɗakinta sai wasu mata sun riga ta shiga. Gwaggonni da innoni da yayye da maƙwabta su ne ke zuwa da kaya, wasu a ka, wasu a amalanke. Su share, su shafe bango, su kafa gado, sannan su shiga aikin da ya fi cin lokaci: a ɗora kwano bisa kwano, a sauke, a sake masa wuri, a ja da baya a duba, a dawo a gyara. Wannan shi ne jere. An saba lissafa shi cikin hidimar biki, sahu ɗaya da daka da girki da wanke-wanke. Ni kuwa a ganina jere fasaha ce cikakkiya, mai ƙa'idojinta da gwanayenta da masu sukarta, kuma ƙimarta tana cikin yadda aka tara kayan da yadda aka haɗa su, fiye da tsadar kowane ɗaya daga cikinsu.

Fasahar harhaɗawa

Masu fasaha a Turai sun daɗe a kan cewa aikin gwani sai wanda aka sassaƙa daga dutse ko aka zana da fenti. A ƙarni na 20 wasu suka bar wannan hanya, suka koma tattara abubuwan da suka tarar a shirye suna haɗa su. A 1942 Pablo Picasso ya ɗauki sirdin keke da kan keke ya haɗa, sai ga kan bijimi da ƙahoninsa. Kurt Schwitters ya yi shekaru yana cika ɗakunan gidansu a birnin Hanoba na Jamus da katako da tarkace da ƴan abubuwan tunawa na abokansa, har gidan kansa ya zama abin kallo, kafin bama-baman yaƙi su rushe shi a 1943. A 1961 aka yi wa wannan salo babban baje koli a gidan adana fasahar zamani na birnin New York, ya samu karɓuwa ta sosai.

A nan Afirka ta Yamma akwai El Anatsui, haifaffen Gana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun daga 1975, wanda ke ɗinke dubban marafan kwalabe da wayar jan ƙarfe su zama kamar ƙaton zane a jikin bango, aka kuma ba shi babbar lambar yabo a Venis a 2015. Akwai Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin, wanda ke mayar da jarkokin fasa-ƙwaurin fetur fuskokin mutane.

Duk cikinsu babu wanda ya ƙera kayan da yake aiki da su. Gwanintar tana wajen zaɓe da jerawa, da sanin abin da zai zauna kusa da wane. To wannan ita ce sana'ar mai jere. Sai dai akwai bambanci uku masu nauyi. Su abin da aka yar suke nema, ita kuwa sabo dal take so, don ɗakin farkon rayuwa take shiryawa. Su mutum ɗaya ke sa sunansa a kan aiki, jere kuwa na taro ne. Su a gidan kallo aikinsu ke zama, nata kuwa a cikinsa ake kwana, a cikinsa ake haihuwa. Na kawo waɗannan masu fasaha ne don mai karatu ya ga girman abin da ke cikin gidansa. Matan ƙasar nan ba su jira wani ya koya musu ba.

Daga ƙwarya zuwa kula

Jeren kakanninmu na kayan gona da na daji ne. Ƙore manya da ƙanana, wasu an kankare su fari fat, wasu an yi musu zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Faya-fayan rufi masu launi, ludaya, akusa baƙaƙe, tabarmin kaba, wadda ƙasar Mayahi ba ta rasa ta ba tunda a bakin Gulbin Kaba take. Ana jera ƙoren bisa juna, ana rataya wasu a ragaya. Idan ɗaya ta fashe ba a yar da ita, gyartai ne zai ɗinke ta ta koma mazauninta. Mai hali kan ƙara da tasoshin tagulla, domin Tasawa tsohuwar mashigar fatake ce tsakanin Agadas da Kano, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth da ya sauka a cikinta a watan Janairun 1851 ya tarar da gari mai harka.

Babban sauyi ya zo da kuɗin gyaɗa. A shekarun 1950 da 1960, lokacin da gyaɗa ke riƙe da tattalin arzikin yankin Maraɗi, kuɗi ya shiga hannun manoma, kantuna suka cika da kwanonin ƙarfe masu fenti mai sheƙi. Da farko daga ƙasashen waje ake kawo su, daga baya aka kafa masana'antunsu a Najeriya, suna shigowa ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Nan ne langa da kwalla da samira da fanteka suka hau bango, ƙwarya ta koma madafi da wajen dama fura. Gadon ƙarfe mai rumfa ya maye gurbin gadon kara. Bayansu kabad mai gilashi ya shigo da tangaran da kofuna, sannan kuloli da kayan roba daga Sin, waɗanda su ne suka fi yawa a ɗakunan yau.

Abin lura shi ne kayan sun sauya sau uku ko huɗu, amma idon da ke jera su bai sauya ba. Yadda kaka ta ɗora ƙaramar ƙwarya bisa babba, haka jika ke ɗora ƙaramar kula bisa babba.

Ƙa'idojin da ba a rubuta ba

Ta farko ita ce hawa-hawa. Babba a ƙasa, mai bi masa a sama, har a kai ga ɗan ƙarami a ƙololuwa, ta yadda kowane sahu zai tashi kamar hasumiya. Mai jere ba ta yarda a tsallake girma ɗaya, don ido zai ga giɓin tun daga bakin ƙofa.

Ta biyu ita ce daidaito. Abin da ke dama yana da ɗan'uwansa a hagu. Shi ya sa ake sayen kaya biyu-biyu ko dozin-dozin, kuma kwano ɗaya tilo, komai kyansa, sai dai a ba shi tsakiya.

Ta uku ita ce maimaici. Kwano ɗaya mai jan fure kwano ne kawai. Idan suka kai ashirin a jere, furen ya daina zama hoton fure, ya koma zanen bango, irin wanda magina ke yi wa fuskar soro. Magina ma sun san daɗin wannan kaya, shi ya sa a tsofaffin gidajen Damagaram da Zariya da Kano ake ganin faranti a kafe a tsakiyar rufi inda bakan gizo suka haɗu.

Ta huɗu ita ce haske. Ɗakin ƙasa ba shi da manyan tagogi, hasken ta ƙofa yake shigowa. Saboda haka bangon da ke fuskantar ƙofa shi ke ɗaukar mafi kyan kaya, domin fentin kwano ya kama ɗan hasken nan ya watsa shi cikin ɗaki. Da dare kuma fitila ce ke yin wannan aiki.

Ta biyar ita ce raba kayan ado da kayan aiki. Akwai kwanon da zai yi shekaru bai ga tuwo ba. Baƙo na iya cewa ɓarna ce, amma ai shi ma zanen bango ba a cin abinci a kansa. Aikin wannan kwano shi ne a gan shi, sai a sauke shi lokaci-lokaci a goge ƙura a mayar.

Kowace unguwa tana da matar da aka sani da iya hannu, wadda ake jira kafin a fara. Za ka ji ana cewa, “Gwaggo, zo ki duba mana nan, kamar ya karkace.” Ita kuma ta ce, “Ku sauke na saman, launinsa ya kashe na ƙasa.” Wannan magana ta gwanar fasaha ce, kuma a irin wannan zama ƴanmata ke koyo ba tare da an ce musu ana koyarwa ba. Bayan biki sai masu ganin ɗaki su shigo, su ne alƙalai. “Ɗaki ya yi” ko “ɗaki bai cika ba” hukunci ne da kan daɗe ana tunawa da shi.

Ɗakin da ake karantawa

Ga wanda bai san gidan ba, jere launi ne da ƙyalli. Ga uwar amarya kuwa littafi ne, kowane sahu da labarinsa. Wannan samira ta saye ta ne da kuɗin ƙuli-ƙuli tun yarinyar tana goye. Waccan kwalla ta fito daga ƙawarta, ramuwar gudummawar da ita ta kai lokacin auren ƴar ƙawar. Waɗancan kuloli saƙon ɗa ne da ya tafi ci-rani Kano ko Agadas ko Libiya. Matan da suka zo ganin ɗaki suna karanta duk wannan. Suna gane uwar da ta yi tanadi, da wadda ke da jama'a, da dangin da suka tsaya wa ƴarsu.

Masu bincike sun lura da haka. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana nazarin Hausawan yankin Maraɗi, ya fitar da littafi a 1986 kan yadda kyauta da ciniki ke cuɗanya a rayuwar mutanen nan. Barbara Cooper kuma, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta nuna yadda mata ke bayyana darajarsu da yawan mutanensu ta hanyar kayan aure. Amma hankalinsu ya fi tafiya ga zumunci da tattalin arziki. Gefen kyau, wato yadda ake zaɓen launi da tsara bango, har yanzu yana jiran mai rubuta shi, kuma ya fi dacewa a rubuta shi da Hausa, daga bakin masu yin sa.

Jere kuma dukiya ce. Kayan ɗaki na mace ne, miji ba shi da iko da su, kuma idan aure ya mutu da su take fita. A ƙasar da damina ke yi wa manomi gardama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A farin 1973 da 1974, da yunwar 1984 da 1985 wadda mutanen Nijar ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a mulkin Buhari, da ƙarancin abinci na 2005 da ya tsananta a jihar Maraɗi, abin da mace ke iya sayarwa ta sayi hatsi shi ne akuyarta da kayan ɗakinta. Wanda ya rage kuma ta adana shi ga auren ƴarta. Wannan ɗabi'a ta tara kaɗan-kaɗan ita ce ƙasar da tsarin asusun Mata Masu Dubara ya tsiro a kanta, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashe.

Sukar da ake yi

Ba a rasa masu ƙorafi ba, kuma ƙorafinsu yana da tushe. Tun da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya ƙarfafa a Maraɗi da kewaye, malamai ke jan hankali kan almubazzaranci a bukukuwa. Mai bincike Adeline Masquelier ta rubuta yadda wannan muhawara ta yi zafi a Dogon Dutsi a kan gadon amarya. Gaskiya ne akwai uwar da ke cin bashin da zai hana ta barci don kada a raina ɗakin ƴarta. Gaskiya ne akwai auren da ke jinkiri saboda kaya ba su haɗu ba, musamman tun da karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta sa kayan waje suka yi tsada. Wanda ke son jere bai kamata ya rufe ido ga wannan ba.

Sai dai ciwon yana cikin gasa, kuma gasar ta tsananta ne lokacin da aka fara auna ɗaki da kuɗin da aka kashe. A nan ne nake ganin babban haɗarin da ke fuskantar wannan fasaha. Yau mai kuɗi na iya shiga shago ɗaya a Maraɗi ko Katsina ya sayi ɗaki sukutum, gado da kabad da kuloli launi ɗaya, a sauke daga mota a ajiye yadda aka gani a hoton waya. Irin wannan ɗaki yana da ƙyalli, amma babu abin karantawa a cikinsa, don hannu ɗaya ne ya biya, rana ɗaya aka saya, kuma ba a bukaci idon gwaggo ba. Ɗakin talaka da aka tara cikin shekara goma daga hannu ashirin ya fi shi zama aikin fasaha, ya kuma fi shi kusa da sauƙin da malamai ke kira a yi.

Saboda haka maganin tsada shi ne a mayar da yabo inda yake tun asali, wato ga iya tsari. A yaba wa wadda ta fitar da kyau daga kaya kaɗan. Ɗalibai a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, musamman mata ƴan Mayahi da Tasawa da ke iya shiga ɗakunan da maza ba sa shiga, su zauna da tsofaffin gwanaye su rubuta sunayen kaya da ƙa'idojin jera su, su ɗauki hotuna da izinin masu ɗaki. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda tun 1959 yake adana kayan al'adun Nijar, ya cancanci ya ajiye jere na kowane zamani, na ƙwarya da na langa da na kula, tare da sunayen matan da suka tsara shi. Waɗanda suka ga zamanin ƙwarya da idonsu sun tsufa, kuma abin da suka sani ba ya cikin kowane littafi. Aikin tambayarsu na wannan zamani ne, kuma namu ne.