Suna Linzami: Nazarin Salon 'Yan Siyasar Gana a Muhawarar Inshorar Lafiya

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi yadda 'yan siyasar Gana suka sarrafa harshe a takaddamar biyan kuɗin asibiti, da kuma abin da ke faruwa ga maganganunsu idan aka juya su zuwa Hausa a garuruwa irin su Salaga da Yendi da Bawku, inda Hausa take harshen zango da kasuwa. Manufar ita ce a nuna wa ɗalibi cewa laƙabin da aka ba wani tsari yakan yanke masa hukunci tun kafin a kawo hujja.

2.0 Laƙabi a Matsayin Makami

A shekarar 1985 gwamnatin Rawlings ta ɗora wa marasa lafiya kuɗin asibiti mai nauyi, daga baya aka koma sayar da magani a kan cikakken farashinsa. Tsarin ya shahara da sunan "cash and carry", wato "biya ka ɗauka". Asalin sunan na kantunan sari ne. Da aka kai shi asibiti sai ya zama siffantawa: asibiti kanti, magani haja, majinyaci kuwa mai ciniki, wanda in ba kuɗi ba kaya. Jam'iyyar NPP ta Kufuor ta riƙe wannan laƙabi a zaɓen 2000, ta yi alkawarin soke tsarin. Ƙarfin salon shi ne, duk wanda ya tashi kare tsarin sai ya ambaci sunan da ya riga ya zama zambo.

3.0 Martani

A 2003 majalisa ta zartar da Doka ta 650 wadda ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa. 'Yan NDC sun fice daga zauren, ƙungiyar ƙwadago kuma ta yi adawa da cire kashi 2.5 cikin ɗari daga gudummawar fanshon ma'aikata. A nan kalmomin faɗa suka sauya: masu mulki na maganar ceton talaka, masu adawa na maganar taɓa gumin ma'aikaci.

A zaɓen 2008 NDC ta Atta Mills ta fito da nata taken, "biya sau ɗaya", maimakon sabunta kati kowace shekara. Taken gajere ne, mai sauƙin haddacewa, kuma an ƙera shi a kan ƙirar laƙabin farko. Sai dai kambamawa ce, domin bai faɗi inda sauran kuɗin za su fito ba. NDC ta yi mulki daga 2009 zuwa farkon 2017 ba tare da aiwatar da shi ba.

4.0 Matsalar Fassara

Tafintan da ke tsaye a dandalin taro a Salaga ko Bawku yana da zaɓi uku, kowanne da alkawarin da yake ɗauke da shi. In ya ce "inshora", ya kawo baƙuwar kalma wadda ba ta bayyana komai ga tsohuwa mai sayar da goro. In ya ce "adashi", ya kusanto da ma'ana, amma mai zubin adashi yana jiran ranar kwasarsa, alhali mai inshora na iya biya shekara guda bai kwanta ciwo ba, har ya ga kamar an ci kuɗinsa. In ya ce "kyauta", gaskiyarsa rabi ce: an yafe wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 da tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara, haka ma masu juna biyu tun 2008, amma asusun na samun mafi yawan kuɗinsa ne daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayayyaki, wanda mai sayayya a kasuwar Yendi ma yake biya.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa ɓangarorin biyu sun fi dogara ga take fiye da bayani. Aikin mai nazarin salo shi ne ya tambayi kowane take abu biyu: wane hoto ya zana, kuma wane lissafi ya ɓoye? Amsar tana da muhimmanci, domin wanda ya ji "kyauta" a dandali shi ne zai isa asibiti da katin da wa'adinsa ya ƙare.