Jinjina ga Ɗaliban da Suka Mai da Daji Aji

Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya karanta a littafi cewa birai na baza irin itatuwa daban yake da wanda ya bi ayarinsu cikin raɓar asuba, ya durƙusa yana ƙirga ƙwayoyin 'ya'yan itace a kashinsu.

Irin wannan aikin ne ɗaliban jami'a ke yi a dajin Kibale na ƙasar Uganda, mai nau'o'in birai 13. Ƙungiyar Tropical Biology Association kan tara su na tsawon wata guda a tashar binciken Jami'ar Makerere, 'yan Afirka da 'yan Turai a haɗe. Bayan darasi da zagayen daji, sai a ce su ƙirƙiro tambayarsu, su tsara yadda za su auna, su kawo sakamako gaban malamai. A ganina nan ne gwanintar take. Ruwa ya jiƙa takarda, tururuwa ta cika takalmi, lissafi ya ƙi fita, amma gobe su sake komawa. Masu wannan haƙuri sun cancanci yabo.

Mu ma muna da irin wannan wuri: cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana karɓar ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka. Jami'o'inmu, don Allah ku ware kuɗin fita daji, kada 'ya'yanmu su kammala karatun muhalli a cikin aji kawai.