Dawakin Bakin Teku: Mu Gyara Kafin a Gyara Mana

Duk wanda ya leƙa bakin tekun Elegushi ko na Oniru ranar Lahadi ko yammacin Sallah ya ga dawakin haya, kuma ya san yawancin masu jan linzaminsu yaranmu ne 'yan Arewa. A ɗora baƙo, a zaga da shi kan rairayi, a ɗauke shi hoto, ya biya. Da wannan ɗan kuɗin wasu ke biyan hayar ɗaki, har su aika wa iyaye na cefane. Sana'a ce halal, ba mu da ja.

To amma ranar da muka kai iyali can bayan Sallah, abin da muka gani bai yi mana daɗi ba. Wani doki haƙarƙarinsa a waje, kana iya ƙirga su. Da yaron ya ɗaga sirdi zai gyara, sai ga miki ɗanye a gadon baya, ƙuda na bi. Aka mayar da sirdin, aka ɗora masa ƙato, aka bi shi da bulala. Tun azahar har muka tashi bayan la'asar ba mu ga an ba shi ruwa ba, alhali doki mai aiki cikin rana na iya shan lita 40 a yini. Ga shi dama dokin Arewa wahala yake sha a Kudu, ga kaska, ga damshi.

Masu kare haƙƙin dabbobi kan ɗauki irin wannan hoto su baza a Facebook, wasunsu na cewa a hana hawan dawakin gaba ɗaya. A kan hoton sun faɗi gaskiya, kada mu ce ƙiyayya ce. A kan hanin ne muka saɓa. In an hana, yaron ya koma ina? Acaba an hana shi a manyan sassan Legas tun 2022. Bar Beach ta tafi, an gina Eko Atlantic a wurinta, kuma a 2024 aikin titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba ya cinye bakin ruwan Landmark. Wuraren neman abincin kullum raguwa suke. Shi kansa dokin da aka raba da aiki ba hutu zai samu ba, wa zai sai masa dusa?

Mu dubi yadda wasu suka yi. A tsibirin Santorini na ƙasar Girka, jakuna da alfadarai ke hawa da 'yan yawon buɗe ido daga tsohuwar tashar jirgin ruwa zuwa garin Fira, matakala kusan 600. Da ƙorafi ya yi yawa, a 2018 gwamnati ta sa doka: kada a ɗora wa dabba fiye da kilo 100, ko fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinta. Ba a kashe sana'ar ba. Sai dai har yanzu ana kukan ba a bin dokar yadda ya kamata, saboda doka a takarda ba ta tsare kanta.

A wurinmu, babban laifin ba na yaron ba ne. Na mai dokin ne da ke zaune a inuwa ya yanka wa yaro balas, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Yaron da ya san za a ƙwace dokin in bai cika kuɗi ba, ta yaya zai ce wa ƙato ya yi nauyi? Mu ma malamai muna da namu: muna karanta wa jama'a labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, da raƙumin da ya kai ƙarar ubangidansa wurin Manzon Allah (SAW) kan yunwa da yawan aiki, amma ba mu taɓa zuwa bargar nan mun faɗa ba.

Shawararmu ga Sarkin Hausawa da dattawa: a tara masu dawakin a yi ƙa'ida. Doki mai miki ba ya fita sai ya warke, kuma ba balas a kwanakin jinyarsa. Ba goyon mutum biyu. A sauke sirdi a ba da ruwa da inuwa tsakar rana. A haɗa kuɗi likitan dabbobi ya riƙa zuwa duk wata. Wanda ya karya a ci shi tara.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In muka yi shiru, wata rana takarda za a kafa a bakin ƙofa, ba kuwa wanda zai nemi shawararmu. Allah Ya ba mu ikon tausaya wa marar baki, Ya sa albarka a neman yaranmu.