"Bathe" Ba Kullum Take Nufin Wanka Ba

Ɗalibai, ku matso kusa. Akwai sakacin da ya yi yawa a fassara: da an ga "bathe" sai a rubuta "wanka" a wuce. Alhali kalmar fuska uku gare ta. A Turancin Amurka, wanke jiki ce. A na Ingila, ta kan nufi shiga kogi ko teku a yi iyo. In kuma likita ya ce "bathe the wound", ciwon kawai za a wanke, ba majinyacin gaba ɗaya ba.

Hausa ta fi rarrabewa: jiki wanka, tufafi wanki, kwanuka wanke-wanke, ratsa ruwa kuma iyo ko ninƙaya. Amma mu ma muna cakuɗawa. A Kura da Bunkure, yaro zai ce "Inna, zan je wanka", nan kuwa magudanar da ke kawo ruwan madatsar Tiga gonaki zai faɗa. Ita soso da sabulu ta ji, sai ta ce a dawo lafiya. Ruwan nan kuwa gudu yake, bai san ɗan kowa ba.

Saboda haka in aka ba ka "No bathing" na bakin ruwa ka fassara, kada ka tsaya a "An hana wanka", don wani zai ce ai shi iyo yake yi. Rubuta "An hana wanka da iyo". Duba muhallin magana tukuna, sannan ka zaɓi kalma.

Ku a garinku, iyo kuke cewa ko ninƙaya?